Keken Ɗinkin Sallau

Wata goma sha huɗu Sallau na tsare kan zargin fyaɗe,
kafin yarinyar ta ce, "Kawuna ya kitsa min,
shagon yake so."
Alƙali ya rufe fayil.
Ko sannu ba a ce masa ba.

Ya dawo Tudun Wada, kekensa ya yi tsatsa,
mata sun kai atamfofinsu Sabon Gari.

A layin bayanmu kuwa
Hurera ta daina zuwa islamiyya.
Wanda ya keta mata haddi
yana sahun gaba ran Juma'a,
turarensa har Ƙofar Doka.

Jiya na tarar da Sallau yana zuba wa keken mai,
ɗigo, ɗigo,
kamar mai ba majinyaci ruwa.