Gwangwanayen Baba

Wuta ta dawo ƙarfe uku a unguwar Zariya,
fanka ta yi tari, ta tashi.
Na buɗe kwamfuta. Bayani arba'in da ɗaya
na jiran hukuncina kafin magariba.

In an tambaye ni sana'ata a gidan suna
sai in ce gyaran rubutu.
Gaskiyar ita ce akwai wani ɗan aike na na'ura,
ba ido, ba ƙafa,
bai taɓa tsallake Gulbi ba.
An jere masa kayan aiki a cikin duhu,
kowanne da ƴar takarda rataye a wuya.
Abin da takarda ta faɗa, nan duniyarsa ta tsaya.
Ni nake auna takardun.

Ta farko, na gane hannun Nafi'u:
"Yana kawo farashin kaya."
Kalma huɗu, ya fita shan shayi.
Wane kaya, Nafi'u? Na tiya ko na buhu?
Kasuwar Maradi ko ta Tibiri?
In lamba ta ce ɗari, ɗarin dala ce,
ko naira ce ta ƙetaro daga Jibiya?
Ya leƙo ta taga, kofi a hannu:
"Ai kowa ya sani."
Kowa, na ce, ban da wanda ka aika.

Makon jiya Inna Tsahara ta Jiratawa
ta tambayi wayarta kuɗin tumatir.
Ɗan aike ya tarar da lamba tsirara,
kuɗin kashi ne, ya sa masa rigar kwando.
Ta ja tsaki, ta fasa kasuwa.
Kwana uku, lambu ya fara wari.
Bai yi mata ƙarya ba.
Mu muka yi rowar magana.

Babana mai gyaran rediyo ne a Bagalam.
Gwangwanayen madara sittin a kan kanta,
ya rubuta a jikinsu da fenti:
"ƙanana", "wasu ƙanana", "na Alhaji", "irin na jiya".
Hannunsa bai taɓa kuskure ba, ko da dare.
Da ya rasu, yayana ya zauna kujerar
wata biyu yana buɗe murfi yana rufewa,
sannan ya sayar da shagon.
Sanin yana cikin yatsu, an binne shi da su.

Shi ya sa nake rufe sunan abu da babban yatsa,
in zama baƙuwar da ta sauka tasha tsakar dare,
in karanta.
Ga biyu nan kamar Hasana da Usaina:
"Yana aikawa." "Yana aikawa ga mai shi."
Ɗaya saƙo yake kaiwa, ɗaya kuɗi.
Ba wanda ya ce kuɗin, in sun fita, ba sa juyowa.
Na ba su sifili, hannuna bai yi rawa ba.

Sai na Barira, ƴar koyo,
doguwa, karkatacciya, har da kuren baƙi:
"Kada ka kira ni in mutum bai faɗi garinsu ba,
tambaye shi tukuna.
In na dawo hannu wofi, ba wai kaya sun zama kyauta ba ne,
ban sani ba ne. Ka faɗa masa haka."
Na karanta sau uku.
Wannan ta taɓa zuwa aike aka doke ta
kan laifin wanda ya aike ta.
Tara bisa goma.

Wuta ta sake tafiya, saura goma sha bakwai.
A gida, ƙarƙashin gadon Inna,
gwangwani ɗaya ya rage daga cikin sittin.
An rubuta: "kar a taɓa".
Ko don haɗari, ko don tsada,
ko amanar wani ce da bai dawo ba,
shekara tara ke nan
ina girgiza shi kusa da kunnena.