Ran Talata Ba Na Busa Usur

Shekara tara ina gadin zauren zane-zane
a unguwar Zariya.
Kalma uku aka ɗauke ni in riƙa faɗi:
kar ka taɓa.
Na faɗa wa ƴan lakwal, na faɗa wa masu furfura,
ƙuda ma in ya sauka kan hoto sai na kore shi.

Sai Madam Tsahara ta ce, Barmo,
daga yau, duk Talata da hantsi,
kashe dogayen fitilun nan masu ƙugi,
tsai da fankar da ke ƙyas-ƙyas,
rediyonka ya kwana aljihu,
usur kuwa bar shi gida.
Roƙi masu kabu-kabu na bakin ƙofa
su ɗaga mana ƙafa da oda har azahar.
Na ce, to ni me zan tsare?
Ta ce, shirun.

Muka shimfiɗa tabarmi.
Ga yumɓun gulbi a kwano,
ga yashi a ƙwarya, ga ɓawon gyaɗa,
auduga, jar ƙasa, ruwan baba a kasko.
Can lungu an rataya baƙin zane, an yi ɗan ɗaki,
wanda duniya ta yi wa yawa ya shiga ya huta.
Ba turare. Ba tafi.

Ilu ya shigo a kan ƴan yatsun ƙafa,
hannu biyu toshe da kunne.
Uwarsa Habsu tun daga ƙofa take cewa a yi haƙuri,
ba a yi komai ba tukuna.
Bakinta ne ya saba,
a gidan suna, a kasuwa, a layin likita.
Maƙwabta sun ce yaron ba ya ji.
Ni na ga akasin haka:
wayar kuran da ke zuza cikin bango,
shi kaɗai ya waiwaya ya nemo ta.

Bai dubi hoto ko ɗaya ba.
Ya durƙusa, ya ɗebi ɓawon gyaɗa,
ya jera su baki da baki,
daga takalmina har gindin babban zanen nan
na mata masu ɗiban ruwa.
Arba'in da ɗaya. Na ƙirga.

Sa'a ba ta son danshi a hannu,
aka miƙa mata kara, ta ja layi a yashi.
Jadi yana rangaji gaba da baya, yana gunji a maƙoshi,
ba wanda ya ce masa kul.
Ubansa ya zauna daura da shi,
sannu-sannu shi ma ya kama rangajin.

Sai Ilu ya tsoma tafi cikin baba,
ya nufi bango.
Kalmar ta taso mini har wuya,
na haɗiye ta kamar kunu mai zafi.
Ai farar takarda ce muka manna, dominsa.
Ya ɗora hannun, ya ɗauke,
ya tsaya yana duban abin da ya bari.

Daga nan, ba tare da ya dubi fuskata ba,
ya kama wuyan hannuna
ya nutsa shi cikin ƙwaryar yashi.
Sanyi!
Irin na gulbi da asuba,
lokacin da nake yaro a Tibiri ina kora jajayen awaki.
Shekara tara ina tsaye a ɗakin nan,
ashe ni ma ban taɓa taɓa komai ba.

Da na ɗaga kai, Habsu ta jingina da ginshiƙi,
barci ya sace ta, mayafi ya zame.
Muka bar ta.

Azahar ta yi, oda ta dawo titi.
Na share yashi, na wanke kasko.
Layin gyaɗa dai na tsallake shi da tsintsiya.
Gobe Laraba zan rataya usur a wuya,
har yanzu da shuɗi a wuyan hannuna,
yatsu huɗu da babban yatsa.