Harafi Ɗaya

Dusar ƙanƙara ba ta sauka daga duwatsu ba tukuna,
amma tuffa ta yi fure a bakin tafkin Isik-Kul.
Na juya ganye ɗaya,
sai ga gari guda a bayansa:
darɓa, kore shar, kafaɗa da kafaɗa,
kowace ta kafa baki tana tsotso.

Babu ango, babu biki.
Uwa ta haifi 'ya,
'yar kuma tun a ciki tana ɗauke da nata cikin.
Na ƙirga tamanin da uku, lissafi ya kuɓuce, na koma farko.
Tururuwa na kiwonsu
yadda kawuna ke kiwon godiyoyi a tudu,
ta shafa baya, ta tatsi zaƙi.

A ɗakin bincike na niƙa ɗaya,
abar da ba ta kai ƙwayar riɗi ba,
na'ura ta karanto mini wasiƙar kakanninta.
Dogon rubutu. Harafi ɗaya ne ya sauya.
Da harafin nan take shan guba
ta lashe baki,
ta raba wa 'ya'yanta gado ba gardama.

Zuma ba ta gaji harafin ba.

Babana Toktosun yana da amya arba'in bara,
bana ashirin da shida.
Yakan ɗora kunne a jikin katako
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
"Burul," in ji shi, "shekara goma kina karatu.
To, ina suka tafi?"

Na manna wa ƙudan zuma lamba a gadon baya,
na zauna a ƙofar amya da littafi da shayi.
Tara ta dawo, ƙafafunta rawaya da garin fure.
Ashirin da biyu ta dawo tana tangaɗi.
Sha bakwai
har shayi ya huce.

Maƙwabcinmu Sagindik ba mugu ba ne,
bashin banki ke goye da shi
yadda yake goye da tankin feshi.
Na ce ya jira fure ya zube,
ko ya bari sai magariba, in zuma ta shige gida.
Ya kalli ganyensa da ya nannaɗe,
ya kalle ni,
ya ce zai duba.

Daren nan na bar layin sha bakwai a buɗe.
Ban rubuta ta mutu ba.
Abin da na gani na rubuta:
ta fita ƙarfe tara da kwata, ta yi gabas.