Sai Sahun Farko Ya Bushe

Shekara talatin da bakwai ina hawa tsani,
kwanon laka a ka, ƙafa ba takalmi.
Rabin katangun Rafindadi sun san tafin hannuna.
Yau ga shi dakalin ƙofar gidana
ya zame mini Gobarau.

Likita ya tsaga, ya cire ƙashin da ya cinye kansa,
ya dasa ƙarfe a kwatangwalona,
ya ɗinke ni kamar bakin buhu.
Na zaci an gama.
Ashe harsashi kawai ya haƙa, ya wanke hannu.

Washegari, ɗinki bai ko huce ba,
sai ga wani yaro a kaina da farar riga,
sa'an autana, wai shi Nafi'u.
"Baba Ilu, yau za mu tashi."
Na ce, "Mu? Kai ma an yanka ka ne?"
Ya yi dariya, amma bai janye hannunsa ba.

Taku huɗu na yi ranar, riƙe da ƙarfe mai ƙafa huɗu.
Gumin da na yi, ko ranar rufin soro ban yi shi ba.

Aikin nasa kamar wasan yara:
kaɗa sawu sama da ƙasa, kamar tela a kan keke;
matse cinya, ƙirga biyar, saki;
ja diddige a kan zanin gado, mayar.
Sau goma. A sake. Sau goma.
Ni da nake jefa tubali sama a cafe,
yau ana yaba mini don na ɗaga gwiwa.

Ga kuma dokoki:
ba harɗe ƙafa, ba zaman tabarma,
ba sunkuyawa ɗaukar buta,
matashi tsakanin gwiwoyi har gari ya waye.
Salla a kujera.
Wannan ce ta fi ci mini rai,
goshina yana kewar ƙasa.

A mako na uku zuciya ta ɗebe ni.
Na jingine ƙarfen a zaure,
na tafi Ƙofar Guga duba aikin yarana.
A keke napep aka dawo da ni,
cinya ta kumbura kamar salka.
Daga nan na yi fushi, na kwanta,
kwana biyar ko yatsa ban motsa ba.

Nafi'u bai yi faɗa ba. Ya ja kujera.
"Baba, in aka aza sahu a kan ɗanyen sahu fa?"
Na ce, "Katanga ta yi ciki, ta zube."
"Lakar da ba a taka ba fa?"
Na yi shiru.
Yara nawa na ja wa kunne a kan waɗannan biyun?
Yaro ya shiga rumbuna,
ya auno mini hatsina.

Tun ranar, jikata Hajjo ce sarkin aiki.
Da gawayi take zana takuna a bangon tsakar gida:
sha biyu, ashirin da ɗaya, ranar Laraba tara kacal,
don an yi hadari, ƙarfen ya ji sanyi kafin ni.
Ƙarfe mai ƙafa huɗu ya koma sanda,
sanda ta fara mantuwa a bayan ƙyaure.

Dakali kuwa, ashe yana da ladabinsa:
lafiyayyar ƙafa ke fara hawa,
mai ƙarfen ke fara sauka.

Jiya na kai masallacin unguwa.
Taku tamanin da huɗu, Hajjo ta rantse.
A hanyar dawowa na ga tsaga a katangar Alhaji Mamuda,
siririya, daga indararo zuwa ƙasa.
Na sa yatsa a ciki, na ji zurfinta.
Zan tambayi Nafi'u ran Litinin
ko tsani ma yana da nasa ladabin.
Na san abin da zai ce.
Zan tambaya dai.