Ƙara Uku

Tun bakwai na danna ta, ta yi mini kunnen uwar shegu.
Fanka na juyi da kakarin tsohon mai asma,
fitilar gaba ta yi kore,
allo kuwa baƙi ƙirin,
ba komai a ciki sai fuskata,
da ƙofar shago, da titin Unguwar Sanusi,
da Malam Sabi'u a kan benci, riƙe da ƙorafin fanshonsa.

Na ce, Malam, a ba ta minti biyar.
Ya ce, Balaraba, wanda ya jira shekara shida
ai ba ya ƙirga minti.

Na zare wayar allo, na hura bakinta, na mayar,
na murɗa kunnuwanta biyu har yatsa ya yi zafi.
Sai ta buɗe ido, amma ido mai ciwo:
fari ya koma ruwan hoda,
layuka na gangarowa kamar yoyon kwanon rufi,
haruffa na rawar ɗari ba sanyi.
Na mare ta a gefe yadda Baba ke yi.
Ta ɗauke.
Sannan daga can cikin cikinta: ɗit, ɗit, ɗit.

Na kira Yohanna na Kasuwar Barci.
Yana kan gada, cunkoso ya riƙe shi tun daga Kakuri.
Ƙara nawa? Na ce uku.
Ya ce, ƙwaƙwalwa ce, cire wuta ki kwance ta,
kada ki ji tsoro, ba cizo take ba.

Kusoshi huɗu, ɗaya ya cinye kai,
sai da bakin wuƙar yankan takarda ya fita.
Ciki ƙura ta yi tabarma,
gizo-gizo ya gina ya tashi,
ga gawar kyankyaso a miƙe kamar ya biya haya.
A bayan murfi kuma, manne da salatif da ya yi ja,
rubutun Baba, mai karkata hagu:
Dubu talatin da biyu. Na ba da ashirin da takwas.
Saura huɗu.

Na daɗe ina duban huɗun nan.
Ban san ko ya biya ba.

Yohanna na ta ihu a waya: Kin ga sanda mai haƙoran zinariya?
Danna kunnuwan, za ta yi tsalle.
Ki goge haƙoran da roba, irin ta fensir.
Ina zan ga roba a shagon da ba a kuskure da hannu?
Malam Sabi'u ya laluba aljihu.
Shekara talatin da biyar yana aji,
alli ya bar shi, roba ba ta bar shi ba.

Na goge, na hura, na mayar har ta ce ƙas.
Bismillahi.
Ƙara ɗaya, siririya.
Allo ya washe, sai layi guda a gefen dama
da ya ƙi tafiya, na bar masa wurin.

Amma agogonta ya ce yau ɗaya ga Janairu,
dubu biyu da tara.
Yohanna ya yi dariya: batir ne, ɗan ƙarami kamar sulai,
in ya mutu takan koma ranar da ta sani.
Ɗari biyar, gobe zan kawo.

A ranar da ta sani, Baba na kan kujerar nan,
hula a keya, yana buga wasiƙa da yatsa biyu,
ni ina aji uku, ina kawo masa kunu.
Malam Sabi'u ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau.
Ya ce, bar ta haka, 'yata,
a shekarar nan ina da albashi.

Muka yi shiru. Fanka na ta tarinta.

Sai na gyara kwanan wata,
don ofis ba ya karɓar takardar jiya.
Na ce, Malam, karanto mini.
Ya buɗe takarda, ya yi gyaran murya:
Bayan gaisuwa mai yawa,
wannan shi ne karo na goma sha ɗaya.