Ruwan Jarka Ɗaya

Famfon Zango ya kwana uku bai ce uffan ba.
Dala ashirin na ba ɗan garuwa
ya kai jarka majami'a.

Jiya aka aiko: kujera na jirana,
da mota, da mai buɗe ƙofa.
Na kwana juyi kamar waina a tanda.

Yau tsoho Irmiya ya durƙusa,
gwiwa na ƙara,
ya kama ƙafata mai faso,
ni da na kai shi ƙara kan iyakar gona.
Bai ɗago ido ba.

Yesu, daren da takobi ke kusa da hannu
daro ka ɗauka.

Ɗan aike, koma.
Tsumma na hannuna yanzu,
saura ƙafafu da yawa,
ruwan kuwa kaɗan ne.