Keken Malam Jatau

Baba ya rasu ya bar keke ɗaya,
haka muka faɗa wa mai rabon gado.
Shekara talatin da huɗu yana hawansa
daga Kwarbai zuwa Tudun Wada,
ƙunshin hulunan ɗinki a kan kariya,
ƙafar wando ɗaya a naɗe.

Ran sadakar bakwai sai ga Mati mai gyara,
na bakin Ƙofar Doka,
ya turo wani keken, duk tsatsa,
yana kuka kamar ƙyauren da ya rasa mai.
Ya ce, "Ga amanarku.
Duk abin da na kwance daga keken Malam ban yar ba:
sarƙar da ta tsinke a gangaren Kubanni,
sirdin da ruwan marka ya cinye,
kan da ya lanƙwashe ran da akuya ta gitta,
har gangar jikin da ta tsage bara waccan.
Jiya da dare na harhaɗa su.
Ga shi, ya tsaya da ƙafarsa."

Zaure ya yi tsit.
Keke biyu sun jingina da bango ɗaya.

Yaya Cindo ya dafa mai shekin.
"Wannan ya hau zuwa Juma'arsa ta ƙarshe,
gumin tafinsa bai gama bushewa a nan ba."
Lantana ta ce, "Ka dai dafa baƙo.
Mai tsatsar nan ya saya da ladan allurarsa,
shi ya kai Inna Wusasa daren da aka haife ni.
Naka ina yake a daren?
Ko ƙarfensa ba a narka ba."

Cindo ya ce, "To nuna mini ranar.
Wace Talata ce keken Baba ya daina zama nasa?
Ran da aka sake birki? Ran feda?
In ƙusa ɗaya ba ta mai da shi wani ba,
ta biyu ma ba ta yi,
ƙusa ta nawa ce ɓarauniyar?"

Mai rabon gado ya rufe littafi.
Ya ce, "Na san rabi, na san sudusi da tumuni.
Ɗaya da ya wayi gari biyu, ban karanta ba."

Ni dai ina rakuɓe, ina kallon bango.
Duk bayan damina sai an yi masa sabon yaɓe,
ƙasar da kakanmu ya kwaɓa
ta daɗe da bin lambatu,
amma gidan Jatau muke ce masa, ba mu taɓa jin nauyi ba.
Na dubi hannuna.
Ina haƙoran da na zubar ina shekara bakwai?
Ina sumar da wanzami ya share?
Yaron da ke riƙe rigar Baba a kan kariya,
da wani Mati ya tsince shi kaɗan-kaɗan ya adana,
yau ya turo shi zauren nan,
ni da shi, wa zai amsa sunana?

Muna cikin haka ɗan Lantana,
wanda bai san gado ba, bai san gardama ba,
ya miƙa yatsa ya kaɗa tsohuwar ƙararrawa.
Ƙarar ta fito a shaƙe.

Sai ga Inna ta taso daga tabarmar takaba,
buta a hannunta, cike da ruwa,
ta zo har bakin zaure kafin ta tuna.
Ta tsaya.
Yaron ya kaɗa ta ɗayan.
Ta ce, "Waccan ta amarcina ce.
Wannan kuwa ita nake jira da magariba
tun da gwiwa ta fara ciwo."
Ta ajiye butar tsakanin tayoyi, ta koma ciki.

Har yau ba a raba ba.
Mai shekin nake hawa zuwa aiki Samaru,
kuma ran Asabar sarƙarsa ta tsinke.
Na kai wa Mati. Ya sa sabuwa,
ya goge tsohuwar da tsumma,
ya rataye ta a ƙusa, bai ce mini komai ba.